Kunun Zaƙin da Ya Ƙi Tsinkewa

Safiyar Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban, ina 'yar shekara goma sha biyu, na tsaya a bakin madafar gidanmu da ke Kurmin Mashi ina kallon Inna, mahaifiyata, tana buɗe randar kunun zaƙi. A ranar za a yi walimar saukar Alƙur'ani ta Yaya Sani bayan la'asar, Baba kuma ya riga ya gayyato abokan aikinsa na ofis da malamanmu na allo. Inna ta tsoma ludayi, ludayin ya tsaya cak a tsakiyar randa. Ta ɗanɗana, ta juyo ta dube ni.

Duk layinmu an san kunun Inna bai taɓa ganin sukari ba. Tsiro take sawa, wato geron da ta jiƙa ta shimfiɗa a buhu har ya fitar da saiwa, ta shanya, ta niƙa. Idan aka dama gasara da tafasasshen ruwa ta huce, sai a zuba tsiron a rufe randa, kafin gari ya waye kunun ya tsinke, zaƙi ya fito da kansa. Ranar Alhamis ta auna tsiro daidai da gasarar kwano biyu, ta bar mini damu, ta tafi dubiya Kawo. Ni kuwa da na ji yawan baƙin da Baba ya ambata, sai na juye har da gasarar da aka ajiye don koko. A tunanina, tunda daga gero zaƙin yake fitowa, ƙarin gasara ƙarin zaƙi ne.

"Hajara, me kika ƙara?"

"Gasarar koko, Inna."

"Tsiron fa, kin ƙara shi?"

Na sunkuyar da kai. Sabon tsiro sai ya kwana uku, na maƙwabciyarmu Bakatsiniya kuma ya ƙare. Inna ta sa muka ja randar zuwa rana, ta lulluɓe ta da bargo. Ina shara ina leƙe, ina wanke kofuna ina karanta duk addu'ar da na haddace. Maza suka dawo daga masallacin Juma'a, aka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kunun ya ɗan saki kawai, zaƙinsa can nesa. Da aka kira la'asar, Inna ta ɗauko sukarin shayin Baba, ta yi bisimilla, ta zuba da hannunta.

Gwaggo Asabe, yayar Baba, kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye kofi. "Yau kam, Hadiza, an sa sukari." Inna ta ce, "An sa, Yaya," ta wuce da tire, ko inda nake ba ta kalla ba.

Sai a sakandare malamin kimiyya ya gaya mana sunan abin da ke aiki cikin tsiro, wai inzayim. Ya ce idan ana ƙara masa abin da zai narkar, aikin yana ƙara sauri har ya kai iyakarsa, daga nan ƙari ba ya amfani. "Kamar tashar Kawo ce," in ji shi, "motoci sun cika, ƙarin fasinja layi kawai yake tsawaitawa." 'Yan aji suka yi dariya, ni kuwa na rubuta maganar da ajami a gefen littafina.

Yanzu kunu a gorar roba ake sayen sa, da sanyinsa da sukarinsa, ba mai tambayar yadda aka yi zaƙin. 'Ya'yana ba su taɓa ganin gero yana tsiro a buhu ba. Allah Ya jiƙan Inna, har ta rasu ba ta gaya wa kowa wadda ta dama gasarar nan ba.