Fim Ɗina Ya Mai da Abokina Infoma

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne a Talata Mafara mai ji da kansa. Ina da waya mai kyamara da 'yan abokai, muna haɗa gajerun finafinai muna sakawa a intanet, kuma a ganina harkar fim daga kanmu ta fara. Ina da kawu da ya yi wasan kwaikwayo tun zamanin kaset, har an taɓa sa shi a finafinai a Kano. In ya soma ba ni labarin yadda suka yi a da, sai in riƙa danna waya ina hamma.

Da na tsara fim a kan infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoton mutanen gari, na gaya masa don ya yaba mini. Maimakon yabo sai ya tambayi wanda zai fito a infoman. Na ce abokina ne ɗan Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, kuma a ƙofar gidansu za mu ɗauka, da sunansa na yanka da kayan da yake sawa kullum, don abin ya yi kama da gaske. Sai kawu ya ba ni labarin wata mata a zamaninsu da ta fito a mayya, aka daina sayen furarta, yara na jifanta, har ta bar garinsu. Ya ce tun daga nan suka ɗauki darasi, mugu a fim sai an sauya masa suna, an liƙa masa gemu, an kai shi garin da ba nasa ba. Na yi dariya na ce kan mutane ya waye, zamanin kaset ya wuce.

Abokina ya iya wasa, iyawar ce ta zame mana masifa. Akwai wurin da ya laɓe bayan rumbu yana waya, yana faɗa wa ɓarayin daji wanda ya sayar da shanu a garin. Wani ya yanke wurin nan kaɗai, ba farko ba ƙarshe, ya watsa. Ranar da ya kai gyaɗa wata kasuwa a yankin Maradun, wani ya gane fuskarsa ya yi kururuwa. Kafin a saurari cewa wasa ne an kakkarya masa ƙafa. Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa.

Na yi ta yawo ina nuna cikakken fim ɗin, amma wanda ɓarayin daji suka kashe wa ɗa ba shi da haƙurin kallon fim. A asibiti abokina ya ce mini ƙaddara ce, ya yafe, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya bar ƙasar Bakura yana dogara sanda, har yau bai iya dawowa ba. Mahaifiyarsa da take kirana ɗanta, yanzu in na durƙusa gaishe ta, amsa ɗaya take yi ta shige ɗaki.

Ni ne ban ji bari ba, amma abokina ne ya ji hoho. Masu tasowa a harkar nan, ku zauna da na gaba ku ji abin da ya wuce, domin duk ƙa'idar da suka bar mana sai da wani ya sha wuya aka kafa ta. Da na liƙa wa abokina gemun nan da na yi wa dariya, da yau da ƙafafunsa yake tafiya.