Samarin Akwati Mai Ƙaho Biyu

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai kamar tsohon kwando, akwai abu guda da zai maƙale, ba zan manta da shi ba har a kai ni kushewa. Wato yadda wani ɗan akwati mai ƙaho biyu ya kusa kashe wa 'yata aure.

Ni dai ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, masaƙar da maigidana ke aiki ta rufe, shi kuma Allah ya karɓi abinsa, sannan na shiga ajin manya a nan Makera da furfurata. Tun da na iya haɗa baƙi kuwa na zama fitina. Buhun shinkafa sai na karanta, kwalin magani sai na karanta, abin da ban gane ba kuma ba na barinsa ya kwana lafiya.

Babban ɗana da ke aiki a Legas shi ya kawo akwatin. Ya ce sunansa rauta, shi ke ba da wayifai, da shi zan riƙa ganin fuskarsa da ta jikokina a waya. Ya zagaya gidan da shi yana neman inda zai fi jan sabis, har ya tsaya a tagar ɗakina mai kallon titi, inda fitilunsa suka koma kore. Na ce, "To, abin da yake fitarwan, ina yake tsayawa?" Ya ce, "Inna, iyakarsa cikin gidan nan, katanga tana tare shi." Ya so ya sa masa lambobin sirri, na ce a'a, ni da ƙyar nake riƙe lambar wayata, kar ya ƙara mini jarrabawa. Ya yi dariya ya bar shi a buɗe, ya dai rubuta masa suna, Gidan Inna.

Yana tafiya na fara bincikena. A saman waya akwai wata 'yar alama kamar mafici, in kana kusa da akwatin ta cika, in ka yi nisa ta riƙa raguwa. Na riƙe waya ina bin gidan lungu-lungu kamar mai neman allura. A tsakar gida mafici cike. A madafi ya ragu kaɗan. Bayan tankin ruwa kuwa sai ya mutu murus, in na matso gefe ya farfaɗo. Abin ya ba ni mamaki, iska ce ko mene ne da ƙarfe ke tare ta amma labule ba ya tarewa? Waje ne kawai ban gwada ba, don an ce mini katanga ce iyaka. Na manta ita taga ba katanga ba ce.

A lokacin autata tana gida tare da ni. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, tana koyarwa a firamare, daga makaranta sai gida. Wani kafinta daga Tudun Wada ya fito neman aurenta, mutum mai natsuwa, ita ma tana sonsa, don in an ambace shi sai ta hau gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Manya sun shiga magana, saura sa rana.

Sai ga baƙi a ƙofar gida. Da fari wani mai keke mai ƙafa uku ne, ya ajiye kekensa bayan la'asar, ya zauna a dakalin da ke ƙarƙashin tagata. Na ce inuwa yake sha. Kwana kaɗan suka zama uku. Kafin wata ya ƙare dakalin ya cika, wasu a tsaye jingine da bango, wasu a kan babur, har da wani mai sanƙo da ya isa ya aurar da 'ya. Kun dai san yadda muke. Namiji ya yi wanka ya zo ya tsaya a ƙofar gidan da ke da bazawara da yamma, ba sai an tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, babu wanda ya taɓa yin sallama, babu wanda ya aiko a kira masa kowa. Kowa kansa a sunkuye.

A daidai wannan lokacin kuma akwatin ya fara rashin mutunci. Da safe in ɗana ya kira, tar nake ganinsa, har ƙurjin da ke goshinsa. Da yamma kuwa sai fuskarsa ta daskare, baki buɗe, murya ta zo daga baya kamar mai magana a rijiya. Na ce masa, "Abin naka fa da yamma gajiya yake yi." Ya ce ƙila hadari ne. Hadari a watan da ko gajimare babu!

Ranar nan sai ga gwaggon kafinta, wata doguwar Hajiya mai haƙorin Makka. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ta ce, "Hajiya, mun yi bincike, kuma ni da idona na wuto na gani. Ƙofar gidan nan ta fi tashar motar Kamazou cika. Ɗanmu ba zai shiga layi ba. Maganar sa rana a dakata tukuna."

Na ce, "Kin ga 'yata a cikinsu?"

Ta ce, "Ai ba a ganin zuma, ƙudan ake gani."

Na so in faɗa mata wadda za ta hana ta barci, amma na haɗiye, don auren 'yata ne a hannunta. Tana fita na tarar da auta a bayan ƙofa, ta ji komai. Ta ce, "Inna, wallahi ko sunan ɗaya ban sani ba." Na ce, "Na sani. Share hawayenki, kuka ba ya korar maza daga dakali."

Korar su ba wuya, tabarya ɗaya ta isa. Amma in na kore su, za a ce mun ɓoye ɓarna ne. Dole in san me ya tara su. Washegari na ɗauki kujera 'yar tsugunno na zauna a zaure, ina leƙensu ta tsagar ƙofa. Wani na dariya shi kaɗai, wani na kallon ƙwallo, mai sanƙon nan kuwa ya toshe kunnuwa yana gyaɗa kai. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Wallahi kamar an harba bindiga a gonar gero. Tsaki ya tashi lokaci guda, mai babur ya tayar, mai keke ya ja, kafin in miƙe dakalin ya zama wayam.

Na zauna ina juya abin. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai zancen da ɗauke wuta ke kora ba. Su da suka fi son a ɗauke ɗin ma! To me ke mutuwa a gidan nan in wuta ta tafi? Firji, fanka, sai kuma mai ƙaho biyu. Firji dai ba ya kai sanyinsa titi.

Kashegari da suka cika, na shiga ɗaki na tsaya jikin taga, na zare wayar akwatin daga bango. Ban gama sauke hannu ba na ji, "Kai! Ya tafi!" Wani ya ce, "Amma ai akwai wuta, ga fankar mai shago tana juyawa." Na mayar. Fitilu suka yi ta ƙyafta ido, suka koma kore, sai na ji an ce, "Yawwa, ya dawo." Allah ya yafe mini, sai da na maimaita har na gaji, ina jin su suna tashi suna zama kamar kajin da ake yi wa wasa da tsaba.

Daga nan na yafa mayafi na fita. Na tsaya kan wani mai kayan aikin gareji na ce, "Kai, ɗan nan, daga ina?" Ya ce, "Unguwar Boro, Mama." Na ce, "Tun daga Unguwar Boro, wa kake nema a gidana?" Ya ce, "Ah, Mama, yi haƙuri, ba kowa. Wani abokina ne ya ce akwai wayifai na banza a nan, kuma yana gudu." Na ce ya nuna mini. Ya miƙo wayar yana murmushi, a zatonsa tsohuwa hoto za ta kalla. Na kai ta nesa da ido, na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na karanta da ƙarfi, "Gi-dan In-na." Ga mafici kuma a cike taf, ya fi na madafina ma. Na ce, "To ni ce Innar." Mai sanƙo ya cire abin kunnensa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, karatu nake saurare." Na ce, "Karatunka ya kusa kashe aure."

Ban ce su daina zuwa ba. Na aika wa gwaggo cewa ta zo bayan la'asar, gani ya kori ji. Ta zo kuwa. Sai dai tun azahar aka ɗauke wuta, ƙofar gida ko akuya babu. Ta dubi dakali ta dube ni ta ce, "Ashe an gargaɗe su." Na yi mata bayanin akwati, tana jina kamar ina ba ta tatsuniya. Ban taɓa roƙon Allah a kan wutar lantarki kamar ranar ba. Na jawo hirar tsadar gawayi, na jawo ta ciwon gwiwa, har na tambayi lafiyar mutanen da ban sani ba. Auta na ɗaki ko motsinta ba a ji. Gwaggo ta gaji ta miƙe, ta saka takalmi ƙafa ɗaya, sai unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta.

Na ce, "Hajiya, zauna. Yanzu za ki ga surukan nawa."

Ba a jima ba suka fara sauka, daga wajen mai shayi, daga bakin titi, kowa da waya a hannu. Da dakali ya cika na ajiye gwaggo a bakin taga, na kira auta na ce ta sa atamfarta mafi kyau, ta fesa turare, ta fita ta sayo mini ashana a shagon tsallake. Ta ce, "Inna, a gabansu?" Na ce, "Ta tsakiyarsu ma." Ta fita ta ratsa su, ta je ta dawo. Ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba. Wani ma da ta ce ya ba ta hanya, matsawa kawai ya yi idonsa na kan waya.

Sai na ce wa gwaggo, "Ga wayar nan a bango, zare da hannunki." Ta zare. Kawuna suka ɗago gaba ɗaya, duk suka zuba wa tagar ido, har wani na cewa, "Mama, don Allah, saura kaɗan a tashi wasan!" Gwaggo ta saki wayar ta zauna a bakin gado, ta yi dariya har haƙorin Makka ya fito duka. Ta ce, "Hajiya, ku yafe mu. Ashe budurwar tasu mai ƙaho ce." Sannan ta jawo ruwan da aka ajiye mata ta shanye.

Auta kuwa, maimakon murna, sai ta shigo tana kumbura. Ta ce, "Inna, duk turaren nan, ko ɗaya fa bai kalle ni ba." Na ce, "Ke dai gode wa Allah, yau rashin kallo ne ya yi miki rana."

An sa rana a satin, an ɗaura aure, yanzu 'ya'yansu biyu. Ɗana ya sa wa akwatin lambobin sirri, na haddace su tsaf, fuskarsa kuma ta daina daskarewa da yamma.

Abin da na koya shi ne, ido yana ganin taro, amma ba ya ganin abin da ya tara shi. Da na biye wa zuciya na ɗauki tabarya, da har yau ana nuna 'yata da baki. Don haka in kun ga ƙuda sun taru a ƙofar wani, kar ku yi saurin rantsuwa kun san inda zumar take. Ku zare waya tukuna, ku ga wa zai ɗaga kai.