Allon da ya tsaya mata a haɓa

Muna idar da sallar asuba muka kulle flat ɗinmu na unguwar Whalley Range a Manchester muka kama hanyar Birmingham, ni da ƙanina da ke tuƙi, da 'yata mai shekara goma sha huɗu a baya. Snowboard za mu sayo, wato allon nan da ake ɗaure ƙafafu a kai a gangaro daga tudun ƙanƙara. Ni da ko fridge na buɗe sai na yi atishawa!

Ga dalili. Tun da council, wato hukumar gari, ta rufe kulob ɗin matasa na unguwarmu saboda tsuke aljihun gwamnati, yarinyar nan ta koma ɗaki. Daga makaranta sai gado, magana ma sai an ja ta. Abin ya dame ni ƙwarai. Sai makarantarsu ta kai su wani gida a Manchester mai ƙanƙara a cikinsa, ta dawo tana zuba kamar rediyo. Na ce in dai wannan ne zai dawo min da ita, zan saya. Sabo ya fi ƙarfina, amma wata mata a unguwar Handsworth ta Birmingham ta yi tallar na hannu guda biyu.

Babbar hanyar M6 kuwa gyara ake ta yi, mazugin roba jere har iya ganinka, ba ma'aikaci ko ɗaya. Mun tsaya shan shayi, na ji kuɗinsa na ce wa ƙanina ko da zuma aka wanke kofin? Ya ce, "Yaya, ki sha kawai, kar ki ba mu kunya."

Handsworth ta burge ni. Tsoffin gidaje manne da juna, bas na bin bas, doya da plantain a bakin shaguna. Matar 'yar Jamaica ce, fara'a kamar mun shekara da sani. 'Ya'yanta sun tafi jami'a, shi ya sa take rage kaya. Ta fito da allunan: ɗaya dogo, baƙi, yana sheƙi, ɗayan gajere, duk ya sha karce. Kuɗinsu ɗaya.

To ni an raine ni da sayen kaya da girma. Takalmin Sallah sai an cusa masa takarda, riga sai an naɗe hannu, wai za ka girma a ciki. Nan take na rungumi dogon. Na lanƙwasa shi ya ƙi, na ce madalla, ƙarfi ke nan, har jikoki.

Matar ta yi dariya ta tsayar da 'yata kusa da kowanne. Dogon ya wuce goshinta, gajeren ya tsaya mata a haɓa. Ta danna tsakiyar gajeren, ya lanƙwasa ya dawo. Ta ce mai koyo irin wannan yake so: mai laushi, mai sauƙin juyawa, wanda zai shiga ko'ina a kan tudu. Mai taurin, da ka yi kuskure kaɗan sai ya buga ka da ƙasa.

Na dage dai. Na ce ai nan da shekara biyu za ta kamo shi. Sai 'yata, wadda kullum Turancin Manchester take mayar min, ta buɗe baki da Hausa: "Mama, yanzu nake so in iya. Ba sai na girma ba."

Na ajiye dogon, na biya kuɗin gajeren.

Mun ci shinkafa da gasasshiyar kaza mai yaji a Lozells, allon a jingine da teburinmu don ta ƙi barinsa a mota. Da muka shigo Manchester da la'asar ba mu nufi gida ba, gidan ƙanƙarar muka wuce. Na tsaya bayan gilashi ina karkarwa cikin riguna uku. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗi. Can sai ga ta ta gangaro tun daga sama har ƙasa a tsaye, hijabinta cikin hular kwano, tana ihu. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a gaban Turawa ba, ƙanina ya ja baya kamar bai san ni ba.

Mun iso gida a gajiye, tana ta ba mu labari har bakin ƙofa. Abin da na koyo shi ne, na daɗe ina yi wa yarinyar da za ta zama nan gaba sayayya, na manta da wadda ke gabana. Allon nan wataƙila baɗi ya yi mata kaɗan. Ya yi kaɗan ɗin mana, ni dai na ji dariyar 'yata a yau.