Lambar da Ta Raba Gandunmu

Kakana, Bawa, ya haifi maza uku da mace ɗaya: mahaifina Tanimu, ƙannensa Dari da Gado, sai gwaggo Hassi. Dukansu gandu ɗaya suke nomawa a gefen Ɗan Kassari, rumbu huɗu ke ciyar da gidan. Ni da Iliya, ɗan baba Dari, ajinmu ɗaya a lakwal, makarantar boko ke nan, kwanonmu ɗaya a gida.

A farkon daminar shekarar da muka shiga aji biyar, mushe, wato malaminmu, ya ba mu aiki: kowa ya ƙidayo shukar gonar gidansu. Ranar Lahadi da hantsi muka shiga gandu, gero bai wuce idon sawu ba. Iliya ya bi layuka ya samu ɗari da hamsin da huɗu, ni na bi layi guda na samu ramuka ɗari da tamanin. Da muka ninka, sai 27,720 ta fito. Washegari a aji, mushe ya rubuta ta a allo, sannan ya nuna mana cewa ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da ɗaya har zuwa goma sha biyu ba tare da saura ba, kuma lambobi casa'in da shida ne ke raba ta. Muka koma gida da gudu, muna sanar da duk wanda muka gamu da shi.

Kaka bai yi murna ba. A wajen tsofaffinmu ba a ƙidayar shuka, don kada doguwa, aljanar daji, ta ji adadin ta ɗebe albarkar. "Mi ya kai ku ƙidayar abin da ba ku ci ba?" in ji shi. A da, duk sa'ad da wani ya tayar da zancen rabo, amsarsa ɗaya ce: "Gonar ga ba ta rabuwa daidai, ku bar ta." Ba wanda ya taɓa gwadawa.

Bayan rasuwarsa, baba Gado ya nemi a raba, mahaifina ya maimaita maganar kaka. Baba Gado ya yi dariya ya ce, "Haba yaya, tambayi ɗanka, ko da bakwai ma tana rabuwa." Kaso bakwai kuwa ake bukata: bibbiyu ga maza uku, ɗaya ga gwaggo. Kowane namiji ya samu layi arba'in da huɗu, gwaggo ashirin da biyu. Ba a samu ko ramin shuka ɗaya da za a tsaya gardama a kansa ba. Kafin damina biyu baba Dari ya sayar da nasa, ya tafi birnin Kwatano da iyalinsa, wanda ya saya ya sare itatuwan gawo.

Yau na kammala jami'a a fannin lissafi, ina iya bayyana kowace siffa ta wannan lamba, amma in na je gida, shingen ƙayar da ya raba gandunmu nake tsallakawa. Abin da muka rasa: gandu ɗaya, rumbu uku, gawo tara, da Iliya.