Tiransista Mai Hular Ƙarfe

Mu huɗu ne a zaure ranar: ni, da 'yata mai gyaran rediyo, da ƙanin marigayi mijina da ya zo daga Nangere, sai maƙwabcinmu, ma'aikacin gwamnati ɗan wajen Jos, mai kaɗa jita a cocinsu da wajen biki.

Maƙwabcin ne ya kawo aikin, saboda wani biki da zai je kiɗa. Wani ƙaramin akwati yake so ta haɗa masa, wanda in ya taka da ƙafa jitar za ta yi "wa-wa" kamar jariri na neman nono. Komai ya haɗu, saura zaɓen tiransista, wani ɗan abu mai ƙafa uku kamar ƙwaro. Iri biyu ne a faranti: sababbi baƙaƙe na roba, da tsofaffi masu hular ƙarfe da ta ciro daga matattun rediyoyin ubanta.

Ƙanin mijina kuwa kayan aikin ɗan'uwansa ya zo ɗauka, zai kai wa ɗansa. Wai gyara ba na mace ba ne. Ya ce in wannan aikin ya ba da kunya a bainar jama'a, magana ta ƙare.

"Tsohon nake so," in ji maƙwabcin. "Na gani a waya, duk manyan makaɗa shi suke nema. Muryarsa zuma ce."

'Yata ta sa masa. Ya taka, kuma gaskiya da daɗi, har baffan nata ya gyaɗa kai bai sani ba.

Na ce, "Ke, cire shi."

"Inna, ai shi ya zaɓa."

Na juya ga maƙwabcin. "Bikin nan da za ka je, a ina za ka ajiye akwatin?"

"A ƙasa mana, Mama. A filin."

"Ƙarfe nawa?"

"Biyu na rana."

Ƙanin mijina ya yi dariya. "Yaya, ke da ko lambar da ke jikinsa ba ki iya karantawa? Ko da kunne za ki auna, kamar mai sayen tukunya?"

Ban iya karantawa ba, haka ne. Amma shekara da shekaru ina zaune ina kallon mijina yana aiki. Rediyo mai irin wannan tiransistan mai hula, da zafi ya kama sai muryarsa ta shaƙe, ya koma shuuu kamar ruwa a kasko. Mijina kan ɗora shi a kan randa ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ya dawo hayyacinsa. Ƙila ƙasar da waɗancan makaɗa suke akwai sanyi. Nan Potiskum ne.

Ban tsaya jayayya ba. Na ɗauki akwatin na kai tsakar gida, na dire shi a rana kusa da turmi, na zauna ina gadinsa. Maƙwabcin ya ce zan lalata masa kaya. Na ce in rana za ta lalata shi, gara ta yi a gidana da a gaban amarya.

Da muka idar da azahar na dawo da shi, da zafinsa. Ya taka. Jitar ta yi gurnani, ta yi tari, kukan jaririn ya koma na akuyar da aka shaƙe. 'Yata ba ta kalli kowa ba, ta narka dalma ta sa baƙin. Na sake kai shi rana, na ƙara masa lokaci ma don mugunta. Aka taka, murya tas.

"Bai kai wancan zaƙi ba," in ji maƙwabcin, yana ɓata rai.

Na ce, "Amma zai kai ka la'asar."

Ƙanin mijina ya ce sai an ga yadda bikin ya kasance tukuna. Na ce ya je ya gani, amma ko sukudireba ɗaya ba za ta bar gidan nan ba ina da rai. Ya tafi bai ci tuwon da na zuba masa ba.

Washegari da sassafe na yafa mayafi na taka har unguwar Hausari wajen kafinta. Na ce ya yi mini tebur mai faɗi da rumfa, wanda za a kafa a ƙofar gida, ta bakin titi, inda duk mai wucewa zai ga 'yata tana aiki.