Kobla ba suga a gidan Yaya

Ranar da likita ya ce wa maigidana in bai bar zaƙi ba ƙafarsa ce za ta tafi, na kwashe sugan gidanmu kaf na zubar. Amma awon sugansa ya ƙi sauka. Ashe in ya tashi daga tuƙin bas, unguwar Flatbush yake zarcewa wurin yayarsa, ta yanko masa peach cobbler, mu kobla muke cewa, gashin nan na Amurkawa da ake lulluɓe 'ya'yan peach da ƙullun fulawa. Nata peach ɗin na gwangwani ne, suga da bota kamar da gayya.

Na kira ta, na gaishe ta da ladabi, na roƙe ta. Ta ce, "Ke dai kin mayar min da ƙane majinyaci. Ciwon suga na ragwaye ne, babu shi a jininmu." Kuma ta bi dangi da zancen wai ina horonsa da yunwa. Ni? Wallahi sai da na yi kuka don haushi. Na ce to, mu zuba mu gani.

Na sayo ɗanyen peach, na jiƙa dabino kaɗan na niƙa, na haɗa garin alkama da kindirmo da kirfa, mai ɗan cokali, na gasa nawa koblan. Na farko ya fito kamar takalmi. Na biyu ya ƙone har ƙararrawar hayaƙi ta tara min maƙwabta a unguwarmu ta Park Hill. Ban fasa ba.

Da Sallah a gidanta ake yini. Na hau jirgin ruwan da ke tsallakar da mu zuwa ɓangarensu da tirena a cinya, na ajiye shi gefen nata. Da na shiga banɗakinta yin alwala, me zan gani a bayan sabulu? Abin huda yatsa na awon suga. Lallai!

Na fito, falo cike da dangi, na yanko nawa na durƙusa gabanta. Na ɗaga murya: "Yaya, ci wannan, ba suga. Na ga abin awonki a banɗaki. Allah ya ba ku lafiya ke da ƙanenki."

Maigidana ya dube ta, ya ajiye cokalinsa.

Har yau in na gaishe ta da ka take amsawa, ko a jikina. Kobla dai ta daina yi. Shi kuwa maigidana da ƙafafunsa biyu yake hawa bene.