Layin Alto

Tun ranar da ’yan wan-cans, ɓarayin nan masu shigar ’yan tasi, suka ɗauke ni a Utako da rana tsaka, suka ƙwace wayata suka turo ni bakin titi, ban sake shiga mota ba. Muryata ma ta shige ciki. In na yi magana sai an ce, “Me kika ce?” A gidan yayata nake a Garki. Ita tana fita aiki tun safe, ni da ƙarar firji muke wuni.

Cocinmu ne kaɗai wurin da ƙafa ke kai ni, shi ya sa na shiga ajin ranar Asabar na sababbin ’yan kwaya, wato mawaƙan coci. Ba waƙa ce ta kai ni ba. So nake in zauna inda mutane ke numfashi.

Malamin wani dattijo ne ɗan Filato, yana da ’yar sanda da yake buga benci da ita. Ya ce bugun nan shi ne bit, saurinsa ko nawarsa kuma tempo. Fiyano, a rera a hankali. Fote, da ƙarfi. Ranar da ya koyar da fote ya daka wa benci sanda, sai ga ni a tsugune, hannuwa a ka. ’Yanmata suka yi dariya. Na miƙe na koma wurina.

Ƙa’idarsa, ba ya ba mutum layi sai ya tashi shi kaɗai ya hau do, re, mi, fa, so, an ji inda muryarsa ta zauna. Kowa ya yi, ni ina ta zamewa, har ranar rufe aji. Wanda ba shi da layi ba zai shiga babbar kwaya ba, Asabar ɗina kuma ta koma ɗaki ke nan.

“’Yata, tashi,” in ji malam. “In ban ji ki ba, ina zan sa ki?”

Na tashi. Na ce do.

“Wannan mutum ne ko sauro?” in ji wata mama daga layin alto, masu murya ƙasa-ƙasa.

“Bar ta, Mama. Sunansa fiyanisimo, a hankali ƙwarai, akwai shi a waƙa,” in ji malam. Ya juyo gare ni. “Yanzu kireshendo. Fara daga nan, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba mai korar ki.”

Na hau re, mi, na kai fa, numfashina ya yanke. Na tsaya ina jira a ce in tafi.

“Alto,” ya ce.

Mamar ta janye jakarta daga kan benci. “Zo nan, sauro. Mu dama ba a sanin muna nan sai mun yi shiru.”

Nan nake zama yanzu, tsakaninta da bango. Har yau in an zo wurin fote baki kawai nake motsawa. Ita ke ɗaga murya ta cike nawa, kuma ba ta taɓa tambayata dalili ba.